Tumbin Baffa da ramar Iya, duk daga tukunya ɗaya

Wata Lahadi bayan kaka mun kai riɗi kasuwar Gujungu ni da Baffana, ana cikin jiran a gama ciniki sai ya ce bari ya hau sikelin masu awon buhu ya ga ko shi ma zai yi kuɗi. Allura ta je ta tsaya a kilo 97. Aka kwashe da dariya, wani ya ce Alhaji saura kilo uku ka cika buhu, wani ya ce ai alamar hutu ce Allah ya ƙara buɗi, shi ma yana dariya yana shafa ciki. Da yamma da muka koma gida na shiga gaida Iya, wato mahaifiyarsa, kakata kenan, na tarar tana so ta miƙe daga tabarma ta yi alwala, ta dafa ƙasa, ta dafa gwiwa, ta yunƙura ta koma ta zauna, sannan ta harare ni ta ce "maigida ka tsaya kana kallo, ba za ka zo ka ɗaga matarka ba?" Da na kama damtsenta wallahi kamar na riƙe sillen kara a cikin zani. Kuma fa tukunya ɗaya ake kwashe musu tuwo, ita da ɗan nata.

Tun ranar abin yake min yawo a kai. A wajenmu ana ɗaukar waɗannan a matsayin abu biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya, na Baffa jin daɗi ne in ya yi yawa a nemi maganin rage teɓa, na Iya kuma tsufa ne ba shi da magani sai addu'a. Ni kuma da na bi abin a hankali sai na ga ai zance ɗaya ne. Nauyin da sikeli yake nunawa bai san bambancin tsoka da kitse ba, haɗa su yake ya ba ka lamba. Shi kuwa jiki tun daga wajen shekara 30 yake fara zubar da tsoka a hankali, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma in mutum ba ya motsa ta, bayan 60 kuma abin ya ƙara gudu. Kitse kuma sai ya riƙa tattarowa yana komawa ciki. To kaga Baffa yana farkon hanyar ne, Iya tana ƙarshenta. Tumbi a gaba, ƙafafu suna sirancewa a ƙarƙashin babbar riga ba wanda ya lura.

Bari in fara da shi tumbin, don shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Jiki kamar rumbu ne. Abin da ka ci ana juya shi ya zama ƙarfi, masana suna auna shi da abin da suke kira kalori, wanda aka yi aiki da shi ya tafi, wanda ya yi saura a zuba a rumbu, rumbun nan kuwa shi ne kitse. Wannan ba aibu ba ne, rahama ce ma, da shi kakanninmu suke ƙetare watan Agusta lokacin da hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba. Inda gizo yake saƙar shi ne wurin da aka ajiye kitsen. Wanda yake ƙarƙashin fata a cinya da ƙugu da damtse bai cika ɓarna ba. Amma duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya da aka yi wa turka ya ga wani farin kitse da ya lulluɓe tumbi da hanji ya naɗe ƙoda, to irinsa ne yake taruwa a cikin mutum, har ya shiga hanta. Shi wannan ba zama yake kawai ba, yana hana wani sinadari da ake kira insulin yin aikinsa. Insulin kamar makulli ne, shi yake buɗe wa sukarin da ke cikin jini ƙofa ya shige cikin tsoka a ƙone shi. In kitsen ciki ya yi yawa sai makullin ya riƙa cijewa, sukari ya tsaya a jini yana yawo. Kuma tunda tsoka ita ce babbar mai shanye sukarin, in ta ragu an rasa wurin kai shi. Daga nan ciwon suga yake samun ƙofa, hawan jini ya biyo baya, su biyun nan kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Likitoci suna da lissafinsu na nauyi da tsayi, in lambar ta kai 25 su ce nauyi ya fara yawa, in ta kai 30 su ce ƙiba ce sosai. Amma akwai awon da ya fi sauƙi kuma ba sai da sikeli ba, hukumar da ke tsara ƙa'idojin lafiya a Ingila ma ta sa shi cikin shawararta a 2022: kewayen cikinka kar ya kai rabin tsayinka. Ka sami igiya ka auna daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka yanke, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita dab da saman cibiya ba tare da ka shanye ciki ba. In baki biyun sun haɗu to alhamdu lillahi. Na gwada wa Baffa da igiyar ɗaure akuya a zaure, ya shanye ciki har idonsa ya fito amma sai da aka bar kusan taƙi guda a tsakani. Ya ce igiyar ce ta yi kaɗan. Na ce Baffa ai tsayinka ne.

To me ya kawo wannan abu ƙauye, alhali da ciwon 'yan birni ake ce masa?

Ka tsaya ka lissafa ayyukan da suka fita daga rayuwarmu cikin shekara talatin ɗin nan. Da namiji zai yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai, duk a duƙe da fartanya tun hantsi bai yi ba har azahar, ga gonar ma da ƙafa ake zuwa. Yanzu maganin feshi ya ɗauke rabin noma, masu hali suna sa 'yan ƙwadago, babur kuma ya shiga ko'ina, Baffa masallacin da bai fi taku ɗari uku da gida ba sai ya buga mashin. Mata kuwa surfe, daka, niƙa a dutse, sussuka, jan ruwa da guga a rijiya mai gaba ashirin, yanzu inji ya karɓe, famfon sola ya karɓe. Kar a fahimce ni a baibai, ba cewa nake a koma waccan wahalar ba, duk wanda ya ga tafin hannun Iya ba zai yi wa 'yarsa fatan haka ba. Abin da nake nufi shi ne aikin ya tafi amma malmalar tuwon ba ta ragu ba. Cin mai huɗa muke yi da zaman mai tsaron shago. Da can damina tana zaftare abin da rani ya tara, yanzu rumbun jiki zubawa kawai ake ba a ɗiba.

Shi kansa abincin ba na da ba ne. Gero da dawa in aka bar su da ɗan dusarsu suna narkewa a hankali, su riƙe ciki, sukarinsu ya shiga jini da kaɗan-kaɗan. Yanzu sai a kai inji ya surfe masara tas ta yi fari fat, dusar da take ɗauke da harza da wasu sinadaran gina jiki a zuba wa awaki, shi ya sa akuyar gidan ta fi mai gidan ƙyalli. Ga farar shinkafa, ga taliya, ga biredi da shayi da safe, duk abubuwa ne da jiki yake juyawa su zama sukari nan da nan, bayan awa biyu kuma yunwa ta dawo. Abin haushi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 sukutum a matsayin shekarar gero da danginsa tana kiran duniya ta dawo gare shi, mu da muke nomansa kuma muna ganin cin taliya shi ne wayewa.

Sai sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce wajen giram 50 a rana, ƙaramin cokalin shayi 12 kenan, in ya iya tsayawa a 6 ya fi. Robar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya ɗauke da sama da cokali 10. Ka je teburin mai shayi ka ga yadda ake kamfato sukari da babban cokali, a zuba madarar gwangwani, a kawo biredi. Fura da nono abinci ne na ƙwarai, amma dubi abin da muke zuba mata kafin mu sha. Zoɓo ma haka, ga shi Jigawa ce gidansa, Maigatari ake loda shi a kai ƙasashen waje, kuma bincike ya nuna yana ɗan sassauta hawan jini, amma wanda ake ƙullawa a leda cike yake da sukari. Gwamnatin tarayya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, ban ga wanda naira goma ta hana shan lemo a wajen biki ba. Wani abu da mutane ba sa son ji: zuma ma sukari ce, rake sukari ne, mazarƙwaila sukari ce, dabino in ka zauna ka cinye ƙulli guda shi ma haka. Albarkar abu ba ta hana shi yin yawa.

Mai shi ne ɓarawon da ba a jin takunsa. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na garin tuwo ko busasshen wake bai wuce 4 ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man ja ya kai kalori 120, kusan abin da tafiyar rabin awa take ƙonewa. Yanzu tuna garau-garau ko ɗanwake, yadda ake tsiyaya mai har sai ya taru a gindin kwano. Waken da ke ciki ba laifinsa, iyo ne aka sa shi yi. Gishiri kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin miya da yaji da biredi. Dunƙulen magi kuwa wajen rabinsa ko fiye gishiri ne, sai a jefa biyar a miya a ƙara gishiri a kai a kawo yaji mai magi a gefe. Daddawa da busasshen kifi da albasa da citta suna ba miya ɗanɗano in an rage dunƙulen, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Bayan an auna Baffa a asibitin sha-ka-tafi an ce jininsa ya hau 160 a kan 100, aka ce ya rage nauyi ya rage gishiri ya fara shan ƙwaya, sai ya yi abin da yawancinmu muke yi. Ranar kasuwa ya tsaya wajen masu mota da lasifika, aka ba shi wani garin shayi a leda wai yana narkar da teɓa cikin sati guda, ba ƙa'ida ba komai, kawai ka tafasa ka sha safe da dare. Kwana uku yana zarya bayan gida, a na huɗu ya miƙe daga ruku'u jiri ya kwashe shi sai da na kusa da shi ya tare. Amma fa yana murna, wai ya hau sikeli ya ga kilo uku sun tafi. Kafin sati biyu sun dawo da 'yan rakiya.

Ga abin da ya faru. Yawancin irin wannan shayin ganyen filasko ne ko danginsa masu sa gudawa, wani a haɗa da mai sa fitsari. Ruwa ne ya fita, ba kitse ba. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700, abincin kwana uku kenan na babban mutum, babu ganyen da zai kwashe kilo uku nasa a kwana uku. Kuma kitse ba ta bayan gida yake fita ba, ba ta gumi ba. In jiki ya ƙone shi mafi yawansa ta numfashi yake fita, cikin kilo 10 sama da kilo 8 iska ce da huhu yake fitarwa, sauran ruwa. Shi ya sa masu naɗe ciki da leda su zauna a rana suna wahalar da kansu ne kawai. Mafi muni, wasu magungunan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne an sha kama su da wata ƙwaya mai suna sibutramine a ciki, wadda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda tana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. Leda ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ka san me ke ciki ba, kuma duk abin da ka haɗiya hanta da ƙoda ne za su yi dakonsa. Mu da muke maƙwabtaka da yankin Haɗeja ba sai an ba mu labarin ciwon ƙoda ba, mun ga gidajen da wankin ƙoda ya cinye musu gona.

A ɗaya gefen kuma 'yan mata ne da amare suke bin kemis suna sayen sha-ka-fashe don a yi ƙiba kafin biki. Yawanci dexamethasone ce a ciki da wata mai buɗe ciki. Fuska ta kumbura ta yi kamar wata ɗan daren sha huɗu, a ce amarya ta yi kyau, alhali ruwa ne ya taru da kitse a ciki da wuya, tsoka tana zagwanyewa, ƙashi yana rauni, suga da hawan jini suna jiran ta a gaba. Wato da kuɗinta ta sayo abin da Baffa yake neman gudu.

Ruwan ɗumi da lemon tsami da safe fa? Sha abinka, ba ya cutarwa, in ya maye gurbin shayi mai sukari cokali huɗu ma ya yi amfani, amma ba sabulu ba ne da zai wanke maiƙo a ciki. Zogale ganye ne mai albarka, ka ci kwaɗonsa da ƙuli ka ƙoshi, amma abinci ne, bai zama dalilin ajiye ƙwayar hawan jini ba.

Abin da yake aiki ba shi da daɗin talla shi ya sa ba a sa shi a lasifika. An yi wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2002, an ɗauki mutum sama da 3,000 da suke bakin kamuwa da ciwon suga, wasu aka ba su ƙwaya, wasu aka ce su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su riƙa tafiya minti 150 a sati. Masu ƙwaya haɗarin ya ragu da kashi 31, masu tafiya da gyaran ci ya ragu da kashi 58, a cikin 'yan sama da shekara 60 ma ya fi haka. Ka lura ba a ce su koma kamar samari ba. Kashi 7 na Baffa bai kai kilo bakwai ba, in ana sauke rabin kilo a sati wata uku zuwa huɗu ne. Minti 150 kuwa rabin awa ne sau biyar a sati, tafiya mai ɗan sauri wadda za ka iya magana amma ba za ka iya waƙa ba. Gona da ƙafa a bar mashin, masallaci da ƙafa sau biyar, ɗan zagaye bayan cin abincin dare maimakon a kishingiɗa.

A kwano kuma dabarar ita ce a juya lissafin. Mu mun saba tuwo tsauni, miya ɗan shafe. A mayar da malmala biyu ɗaya da rabi, in an saba ta koma ɗaya, miya ta yi yawa ta yi ganye, kuka, kuɓewa, yakuwa, lalo, alayyahu, kabewa, a jefa wake a ciki. A fara cin kwaɗon rama ko zogale ko tafasa kafin a taɓa tuwon. Giram 400 na ganye da 'ya'yan itace ake so a rana, kuma ba sai tufa ba, goba, gwanda, mangwaro, kankana, goruba, magarya, kanya, duk suna cikin lissafi. Matsalar ciyayya a kwano ɗaya na sani, mai saurin loma shi yake cin riba, to mai tumbi ya riƙa tsame hannu da wuri ya bar wa samari. Ai tun a makarantar allo muka ji hadisin nan na sulusin ciki abinci, sulusi ruwa, sulusi numfashi, sai dai in an kawo shinkafa da miyar kaji kowa ya manta. Azumin Litinin da Alhamis ma yana taimakawa in ba a rama da buɗa baki ba, amma mai shan maganin suga kar ya fara sai ya tambayi likita, don sukari yana iya faɗuwa ƙasa ya sumar da mutum.

Mata 'yan kulle su ne abin ya fi kamawa kuma su ne ba a maganarsu. Haihuwa bayan haihuwa, kowace ta bar nata nauyin, ga kunun kanwa na jego wanda tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi da kumburin zuciya bayan haihuwa, ga zama wuri ɗaya daga ɗaki sai madafa. Ba wanda zai ce ta fita gudu a titi. Amma tsakar gida tana zagayuwa, minti goma bayan kowane cin abinci, daka ɗan abin da bai kai a kai inji ba, shara, tashi da zama a kujera 'yar tsugunno sau goma. Maigidan da yake sayo lemo da biredi a matsayin tsaraba ya gwada sayo goba da kifi.

Yanzu mu koma ɗakin Iya, inda lissafin yake juyewa gaba ɗaya. Duk abin da na faɗa na rage ci ba nata ba ne. Tsoho mai shekara 75 da ya rame ba rage masa ake ba, ƙara masa ake, amma ba kunu ba.

Na zauna na lura da cinta na kwana biyu. Safe koko da sukari. Rana kunun tsamiya ko ɗan farau-farau. Dare loma uku na tuwo da miyar kuka. Nama in an samu ba haƙoran taunawa sai ta miƙa wa jikoki. In 'ya'yanta na birni suka zo gaisuwa tsarabar ita ce katan ɗin lemo da biskit da sukari. Kowa yana ganin ana gatanta ta, alhali abin da yake gina tsoka, wato furotin, kusan babu shi a ciki. Kuma jikin tsoho ya fi na matashi buƙatarsa don ba ya sarrafa shi da kyau kamar da, masana suna cewa wajen giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyinsa a rana in ƙodarsa lafiya take. Iya ba ta fi kilo 45 ba, kenan tana son kamar giram 50. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, ka ga koko ba zai kai ta ko'ina ba.

Abin da ya fi min ciwo shi ne maganin yana cikin gidan. Wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa furotin ne, gyaɗa ma haka, waken suya ya fi su, kuma in aka haɗa hatsi da wake kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa, kakanninmu sun san wannan a tukunya ko ba su san sunansa ba. Amma me muke yi? Ƙwan zabi da damina a tara a kai bakin titi, wake da riɗi da gyaɗa a kai kasuwa, nono a sayar, a dawo da taliya da magi da sukari. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, na sani, ba wanda yake sayar da ƙwansa don nishaɗi. Sai dai ware tiya biyu ta wake da ƙwai ɗaya a rana saboda tsohuwa bai kai kuɗin gadon asibiti ba. Marar haƙori ga alale, ga faten wake, ga awara mai laushi, ga dafaffen ƙwai, kindirmo, kunun gyaɗa, garin ƙuli a dama a koko, busasshen kifi a daka shi lukui a zuba a miya. A dai tafasa madarar shanu kafin a kwantar da ita, kuma gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar, gubar da ke cikinta tana taɓa hanta, ba a mayar da ita ƙuli don kar a yi asara.

Sai kuma kalmar nan da muke ganin ladabi ce, "Iya ki huta." Ta ɗauki tsintsiya a karɓe, ta ce za ta je barka a ce ta zauna za a je mata. Tsoka kuwa in ba a aiki da ita tafiya take, tsoho in ya kwanta sati ɗaya ko biyu yana iya rasa ƙarfin ƙafar da zai ɗauki watanni bai dawo ba. Daga nan sai sallah a zaune, sai faɗuwa a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye, kuma duk mun san tsofaffin da daga wannan kwanciyar ba su sake tashi ba. A bar ta ta yi ɓarar gyaɗarta, ta share ƙofar ɗakinta, ta taka zuwa maƙwabta, ta zauna a hantsi rana ta taɓa fatarta don ƙashi yana so. A riƙa miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba, don jin ƙishirwa yana raguwa da tsufa, a zafin bazara kuwa rashin ruwa kaɗai yana sa tsoho ruɗewa a ce aljanu ne. In ido ya yi yana a kai a cire, aiki ne na ɗan lokaci, rashin gani yana cikin abin da yake sa tsofaffi tuntuɓe.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi, ga tsoho ga matashi: ramar da ba a neme ta ba. Mutum yana ci yana sha amma wando yana zamewa, ga yawan fitsari da ƙishirwa, ko tari ya wuce sati biyu da gumin dare, wannan ba na zogale ba ne, suga ne ko tarin fuka ko wani abu da ya fi su, a tafi asibiti. Hawan jini kuwa yawanci ba ya ciwo ba ya sallama, daga 140 a kan 90 ake kiransa da sunansa, kuma sau da yawa labarinsa na farko shi ne a wayi gari ɓarin jiki ya shanye a ce jifa ne. Awonsa minti biyu ne. Wanda ya haura 40 ya riƙa miƙa hannu ana aunawa ko da yana jin kansa garau, wanda aka ɗora a kan ƙwaya kuma ba ya ajiyewa don ya ji sauƙi.

Igiyar akuyar nan tana rataye a ƙusa a zauren Baffa har yanzu. Duk Juma'a kafin ya sa babbar riga sai ya gwada, wancan satin saura yatsa uku baki ya haɗu, ya ce kar in faɗa wa 'yan majalisa don sun fara tambayarsa ko karayar arziki ce ta same shi da ya bar hawa mashin. Iya kuma na sa a riƙa dafa mata ƙwai ɗaya kullum da safe. Kwana biyar ana kai mata tana cewa ta cinye, ranar na shida na leƙa na same ta ta ɓare shi tana tura wa autan Baffa a baki, ita da ta hana mu ƙwai muna yara wai yana sa sata. Ta ce "to maigida ya zan yi, ido yake zuba min." Yanzu biyu ake dafawa, kuma sai na zauna a bakin ƙofa ta cinye nata tukunna nake tashi.